DANDALIN MOTSA JIKI A KABO: DALILAN KAFA SHI DA YADDA ZA A TAFIYAR DA SHI

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



GABATARWA

Da farko muna miƙa godiya ga kwamitin shirya wannan taro, wanda ya ga dacewar a bai wa tsofaffin malaman makaranta dama su tofa albarkacin bakinsu. An nemi mu yi magana a kan lafiyar al'umma. Mu kuwa ba likitoci ba ne, alli muka riƙe har muka yi ritaya. Sai dai akwai wani ɓangare na lafiya da ya faɗo cikin aikinmu, domin tun a kwalejin horon malamai aka koya mana yadda ake fitar da yara fili da safe, a jera su, a sa su gudu da tsalle da wasa cikin tsari. A kan wannan ɓangare za mu tsaya, wato motsa jiki.

Shekaru da dama ke nan ƙungiyoyin ci gaban gari suna sa ƙarfinsu wajen gyaran azuzuwa da haƙa rijiyoyin burtsatse da taimaka wa marasa lafiya. Duk waɗannan ayyuka ne na alheri. Abin da muke roƙon a ɗora a kansu shi ne wani ƙaramin aiki mai sauƙin kuɗi: a keɓe fili a garin Kabo a mai da shi dandalin motsa jiki, wanda za a gina a kan wasa da irin motsin da jikin ɗan Adam ya saba da shi tun asali. Za mu kawo dalilanmu, sannan mu bayyana yadda za a tafiyar da wurin, domin irin wannan aiki wahalarsa ba a kafawa take ba, a riƙo take.

JIYA DA YAU

Duk wanda ya tashi a Kabo ko Garo ko Gude ko Durun ko Godiya a shekarun 1960 da 1970 ya san cewa a lokacin babu mai cewa zai je motsa jiki, saboda rayuwar kanta motsa jiki ce. Uwa ta tashi da asuba ta yi surfe da daka a turmi, ta yi niƙa a dutse, ta ja guga a rijiya. Uba ya saɓa fartanya ya tafi gona a ƙasa, ya yini a sunkuye, ya dawo da dami a ka. Yaro ya kora awaki kiwo, ya hau kanya ko tsamiya, ya jefi goruba, ya kori tsuntsaye daga gero da majajjawa. Idan ana gini, sai ka ga matashi yana cilla tubali sama, magini yana cafewa a kan katanga. Da dare kuma, in farin wata ya fito, dandali ya cika: maza na langa da kokawa da allan-ba-ku, mata na gaɗa.

Ba muna cewa a koma wancan zamani ba ne. Injin niƙa ya hutar da iyayenmu mata, famfo da babur da mota duk ni'ima ce, kuma wanda ya san wahalar jan guga gaba goma ba zai yi kewarta ba. Abin lura shi ne, da wahalar ta tafi, sai ta tafi da motsin da ke cikinta, kuma ba a sami abin da ya maye gurbinsa ba.

Wannan ya fi tsanani a kanku, 'yan'uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Mutum ya fito daga ɗaki ya shiga mota ko Adaidaita Sahu, ya sauka a bakin ofis ko shago, ya zauna a kujera daga safe har la'asar, ya dawo gida ya zauna gaban talabijin da waya a hannu. Yaransa kuwa a kulle suke a gida mai ƙofar ƙarfe, makarantarsu wani gidan haya ne da babu filin da za a yi ko da tseren taku ashirin. Akwai jikokinmu da suke zuwa mana hutu, yaro ɗan shekara goma bai taɓa hawa bishiya ba, in ya tsuguna sai ya tuntsure. A ɓangaren manya, kowa a nan ya san adadin abokansa da ke fama da hawan jini ko ciwon suga, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye alhali ba su kai sittin ba. Ku dubi kujerun da ake jerawa a gefen sahu a masallatan birni, ku tuna ko nawa kuka gani muna yara. Gaskiya ne akwai gado, akwai abinci, akwai tsufa, akwai kuma ƙaddara. Amma zama wuri ɗaya yana cikin manyan dalilai, kuma shi ne wanda maganinsa ke hannunmu.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin haya na birnin Landan, kimanin mutum 31,000. Motocin nan masu bene ne. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Daga wannan bincike ne likitocin zamani suka fara ɗaukar zama a matsayin abin da ke jawo cuta.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin da take ba da shawara a bi. Baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri wadda za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin minti 60 a kullum. Wanda ya kai 65 kuma an ƙara masa da horon daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako, domin kare shi daga faɗuwa. Hukumar ta kuma bayyana a 2024 cewa a ƙididdigar 2022, kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, wato mutum kimanin biliyan 1.8, ba sa cika wannan ma'auni.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da wani likita ɗan Barazil, Claudio Gil Araújo, da abokan aikinsa suka wallafa sakamakonsa a 2012. Sun gwada mutum 2,002 masu shekara 51 zuwa 80. Abin da ake so kawai shi ne mutum ya zauna a ƙasa ya kuma miƙe. Maki 10 ne, ana cire ɗaya duk lokacin da ya dafa da hannu ko gwiwa. Da aka bi su na kimanin shekara 6, sai aka ga mace-mace a cikin masu maki 3 zuwa ƙasa sun ninka na masu maki 8 zuwa sama har sau biyar ko fiye. Wannan ba duba ba ne, rai a hannun Allah yake. Abin da gwajin ke nunawa shi ne ƙarfin ƙafa da laushin gaɓoɓi da daidaiton jiki alamu ne na lafiya. Mu da muka tashi a kan tabarma, a tsugune muke cin tuwo, wannan jarrabawa ce da kakanninmu za su ci ba tare da shiri ba.

BATUREN DA YA KOYA DAGA AFIRKA

Irin dandalin da muke magana a kai yana da tarihi. Wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Georges Hébert, wanda aka haifa a 1875 ya rasu a 1957, ya zaga ƙasashe da dama a cikin aikinsa. Ya ga mutanen karkara a Afirka da wasu wurare, ya yi mamakin ƙarfinsu da zafin namansu da juriyarsu, alhali ba su da malamin motsa jiki in ban da rayuwarsu ta yau da kullum. A ranar 8 ga Mayu, 1902, dutse ya yi aman wuta a tsibirin Martinik, ya hallaka garin Saint-Pierre da mutanensa kusan 30,000. Hébert yana cikin waɗanda suka yi aikin ceto, aka kuɓutar da mutane wajen 700. Abin da ya gani a ranar ya tabbatar masa cewa ƙarfin jiki ba shi da daraja sai ya zama mai amfani ga mai shi da kuma jama'a.

Da ya koma gida sai ya tsara hanyar horo da ya kira hanyar ɗabi'a, ya fara koyar da ita ga sojojin ruwa. Ya kasa motsin ɗan Adam gida goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, daidaita jiki a kan abu siriri, jifa, ɗaukar nauyi, kare kai, da ninƙaya. A fili ake yi, cikin iska da rana, ba a ɗaki ba. Filin horon sojoji mai katanga da rami da igiya, wanda rundunonin duniya suke amfani da shi, yana da alaƙa da tsarinsa. Daga wannan jijiya ce kuma wasan tsallake gine-gine da ake kira Parkour ya tsiro a Faransa a shekarun 1980. A 2008 wani Bafaranshe, Erwan Le Corre, ya kafa tsarin da ya sa wa suna MovNat, inda mutane a Amurka da Turai suke biyan kuɗi a koya musu rarrafe da lilo a reshe da tafiya a kan gungume da ɗaukar dutse.

Jama'a, ku sake duba jerin nan na goma. Wanne ne babu a Kabo? Abin da wasu suke biyan dala su koya, shi ne muka yi kyauta muna yara.

GADON DA MUKE DA SHI

Mu ɗauki langa. Yaro ya kama ƙafa ɗaya da hannu, ya tsaya a kan ɗaya, yana tsalle yana ture abokin karawa, dawakai suna kare ruwa har ya isa inda aka shata. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. A cikin wannan wasa kaɗai akwai ƙarfin cinya, da daidaita tsayuwa, da juriyar numfashi, da dabara, da aiki tare. Babu na'urar da za ta ba yaro waɗannan duka a lokaci ɗaya, yana yi yana dariya. Haka 'yar gala-gala take ga 'yan mata. Carafke yana koyar da haɗin kan ido da hannu. A gaɗa, yarinya takan saki jiki ta faɗa baya ƙawayenta su cafe ta su cilla, wanda ya haɗa ƙarfin hannu da amana. Kokawa kuwa, wadda ake yi da kaka bayan an kai amfani gida, ita ce makarantar koyon faɗuwa ba tare da karaya ba, da koyon a kayar da kai ka tashi ka ba da hannu.

Waɗannan wasanni ba a raina su a waje. Langa da kokawa da dambe sun shiga cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ɗaukaka kokawa har ta zama babbar gasar ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ana ba zakara takobi. Ashe kuwa da tsohuwar zuma ake magani.

YADDA ZA A TAFIYAR DA DANDALIN

Wani zai ce me zai hana a gina ɗaki a zuba na'urori irin na birni? Amsarmu ita ce, na'urar gudu tana bukatar wuta, in babu wuta sai janareto, kuma kowa ya san yadda farashin fetur ya koma tun daga Mayun 2023. In ta lalace sai an ɗauko makanike daga Kano. Mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, yaro kuma ba ya jin daɗinta. Mun sha ganin kayan da aka ƙaddamar da tafi, bayan shekara biyu suka koma sheƙar gizo-gizo. Ga abin da muke ba da shawara a kai:

1. Fili. A nemi wuri kusa da makarantar firamare, wanda ƙafa za ta iya kaiwa daga kowace unguwa. Kafin a kafa ko turke ɗaya, a sami takarda a rubuce daga ƙaramar hukuma, da sa hannun Hakimi da dagaci, da sunan ƙungiya. Filin da ba shi da takarda, ranar da gari ya matso sai a wayi gari an yanka shi fuloti. A dasa darbejiya a kewaye tun damina ta farko, domin inuwa ita ce rufin wannan gida.

2. Kaya. Ramin yashi mai faɗi domin kokawa da tsalle, a tankaɗe shi a fitar da kwalba da ƙaya. Gumagumai na itace a kwance domin tafiya a kai, wasu a ƙasa, wasu tsayin gwiwa. Bututun ƙarfe a gicciye, mai walda na gari zai haɗa, hawa uku: na yara, na matasa, na manya. Igiya mai kauri domin hawa da ja-in-ja. Tsofaffin tayoyi domin tsallake da mirginawa, a huda su don kada su tara ruwa su zama gidan sauro. Buhunan yashi ƙanana da manya. Jarkoki, domin jarka mai lita 25 in an cika ta da ruwa nauyinta kilo 25 ne, kuma ana iya rage shi daidai ƙarfin mutum. Sai randar ruwan sha, da akwatin taimakon gaggawa, da na'urar awon jini. Duk abin da muka lissafa, in ban da biyun ƙarshe, ana samunsa a cikin gari, kuɗin ma a gida zai tsaya.

3. Mai kula. Wannan shi ne ginshiƙi. Aikin sa kai yana da kyau, amma yakan mutu ranar da mai yinsa ya sami aiki a birni. A ɗauki matashi ɗaya da mace ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da suka karanci ilimin wasanni da kiwon lafiya a kwalejojin ilimi ko Jami'ar Bayero, a riƙa ba su alawus a kan kari kowane wata. A haɗa su da dattawa biyu ko uku, tsofaffin 'yan kokawa da tsofaffin malamai, waɗanda suka san dokokin wasannin da, kuma yara suna jin nauyinsu.

4. Lokaci. Dattawa da magidanta bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Yara da yammacin Alhamis da Juma'a, lokacin da makarantun allo da na Islamiyya suke hutu, domin kada dandali ya yi karo da karatu. Matasa sauran ranaku bayan la'asar. Mata su sami nasu wuri a killace, cikin gida mai katanga ko harabar makarantar 'yan mata, malama mace ce kaɗai za ta jagorance su. A kuma bi yanayi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, don haka sai da sassafe ko dab da magariba. Da hunturu, ranar da ƙura ta yi yawa, masu asma su huta. Da damina gona ce gaba. Da azumi a sassauta, a mai da shi bayan an sha ruwa.

5. Darasi. Minti 45 ya isa. A fara da tafiya da sassarfa da juya gaɓoɓi har jiki ya ɗumama. Sai a koyi abu ɗaya, misali yadda ake dira daga tsalle a kan tafin ƙafa da gwiwa a lanƙwashe, ko yadda ake ɗaga buhu da ƙarfin cinya ba da ƙugu ba. Sai wasa: langa, tsere, ja-in-ja, jifan ƙwallon tsumma cikin kwando. A rufe da tafiya a hankali da miƙe jiki. A raba mutane gwargwadon iyawarsu. Ga dattijo, tashi daga tabarma sau biyar da tsayuwa a ƙafa ɗaya yana dafe da bango darasi ne cikakke. A makaranta mun ga cewa in ka ce wa yara su zaga fili sau uku, a zagaye na biyu sun fara ɗingishin ƙarya, amma in ka raba su gida biyu ka ce a yi langa, sai ka busa usur sau uku kafin su daina. Babba ma haka yake, kunya ce kawai ke ɓoye abin.

6. Kiyaye haɗari. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, a auna shi, ya kuma nemi shawarar likita kafin ya fara. Wanda awonsa ke kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, a tura shi asibiti. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take. Kada a ɗaga wa yara abin hawa fiye da yadda yashin ƙasa zai tare su. Batun ninƙaya kuwa, muna da madatsun ruwa da kududdufai a wannan yanki, kuma yara suna zuwa ko an hana su. Koya musu ita alheri ne, amma kada a fara sai an sami gwani da wuri marar zurfi da yardar iyaye.

7. Kuɗi. Yara kyauta. Manya su riƙa ba da ɗan abin da ba zai gagara ba duk mako, kamar zubin adashi, domin abin da mutum ya sa kuɗinsa ya fi kula da shi. Alawus ɗin masu kula ya fito daga rassan birane. A buɗe asusu na daban mai sa hannun mutum uku, a ajiye littafin shiga da fita da rajistar masu zuwa, a karanta su a gaban wannan taro kowace shekara.

8. Doka. Babu caca, babu makami, babu zagi, babu hoton ɗan takara ko tutar jam'iyya. Babu kayan maye. Mun tuna yadda shan maganin tari mai kodin ya yi wa matasan Arewa illa har Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018. Matashin da ke da wurin zuwa da yamma, da abokan da ke jiran sa, da babban da zai tambayi dalilin rashin zuwansa, ya fi wuyar faɗawa wannan rami.

WASU TAMBAYOYI DA ZA SU TASO

Za a ce manomi da ya yini yana huɗa, wane motsa jiki kuma yake nema? Gaskiya ne da damina ba ya bukata. Amma noman damina 'yan watanni ne, kuma aiki ne na sunkuyo wuri ɗaya, shi ya sa ciwon baya ya yi yawa. Lilo a ƙarfe da miƙe jiki magani ne gare shi. Ban da haka, garin Kabo na yau cike yake da 'yan kasuwa da ma'aikata da teloli da masu babur, waɗanda zamansu bai bambanta da na birni ba.

Za a ce wasa na yara ne, girma ya faɗi in aka ga magidanci yana tsalle. Muna tambaya: tsakanin dattijon da aka gani yana tafiya a kan gungume da asuba, da wanda sai an kama shi an tayar, wa ya fi riƙe girmansa? Shi ya sa muka ware wa manya lokacinsu, ba a gaban 'ya'yansu da surukansu ba.

Za a ce wuri irin wannan matattarar 'yan daba yake zama. Filin da ba shi da mai shi ne yake zama haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In akwai mai kula da rajista da dattawa a zaune a gindin bishiya, ɓata-gari ba ya son wurin.

KIRA GA 'YAN'UWA MAZAUNA BIRANE

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Kabo tana da mutane sama da 150,000, yau kuwa sun ƙaru sosai, kuma akasarinsu yara ne da matasa. Dandali ɗaya ba zai ishe su ba. Fatanmu shi ne in na Kabo ya tsaya da ƙafarsa, Garo da Gude da Kanwa da Masanawa su kwaikwaya, har a riƙa shirya gasar langa da kokawa tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Gwarzo da Karaye da Rimin Gado a lokacin kaka.

Abin da muke nema a gare ku uku ne. Na farko, wannan taro ya kafa kwamiti na mutum biyar, har da mace da matashi, a ba su wata uku su kawo rahoton fili da kiyasin kuɗi. Na biyu, kowane reshe ya ɗauki nauyin alawus na wasu watanni a shekara, a rubuta a ajiye. Na uku, ku riƙa turo mana yaranku hutun ƙarshen zango. Su zo su taka ƙasa, su hau bishiya, su san 'yan'uwansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya yi langa a dandalin Kabo ba zai manta hanyar gida ba ko da ya zama babban mutum a wata ƙasa.

Ku ma kanku kada ku jira sai an gama dandali. Minti 150 a mako, in an raba shi kwana biyar, minti 30 ne kacal. Ku tafi masallaci da kasuwar unguwa a ƙasa. Ku sauka daga mota kafin a kai ƙofar ofis. Ku hau bene da ƙafa. Ku shimfiɗa tabarma a falo ku riƙa zama a kai kuna tashi. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da kaɗan, sannu ba ta hana zuwa.

KAMMALAWA

Mai girma shugaba, mun nuna yadda rayuwa ta sauya ta raba mu da motsi, da abin da masana suka tabbatar game da illar hakan, da yadda wasu al'ummu suka ɗauki abin da muke da shi suka tsara shi suka amfana. Mun kuma shimfiɗa yadda za a kafa dandali a riƙe shi da abin da ke hannunmu. Kuɗin da za a kashe bai kai abin da iyali ɗaya ke kashewa wajen jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Shawara ta rage ga wannan taro, muna fata ba za a tashi ba sai an naɗa kwamitin.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ji ƙan magabatanmu, ya albarkaci zuriyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.